Manomin da Ya Kai wa Maƙwabcinsa Matattun Batura

Tunda ka ce taraktar maƙwabcinka ce ta tsaya maka a rai, gyara zama in ba ka misalin wasu manoma biyu da gonakinsu ke haɗe a bakin wata fadama, kowannensu da tsohuwar taraktarsa.

Na farkon, duk sanda batir ya mutu masa sai ya nufi 'yan gwanjo ya tsinto mai araha, a ɗura masa ruwa a ce ya farfaɗo. Wata uku, in ya yi ƙoƙari huɗu, ya sake mutuwa. Sai ya cire shi ya wurga a bayan gona kusa da rijiyar da mahaifinsa ya haƙa, har matattun suka zama tsibi, wasu sun tsage suna tsiyaya. Shi ya sa kullum a kan tudu yake ajiye taraktarsa, don da safe a tura ta gangare ko Allah zai sa ta tashi. Na biyun kuwa sau ɗaya ya cije ya sayi batir rufaffe, irin wanda ba a yi masa ƙarin ruwa, a wani shago da ke karɓar tsoho idan ya gama aiki, a mayar da shi inda ake narkewa a ƙera wani. Shekara huɗu ke nan murɗa makulli ɗaya yake yi inji ya ɗauka. Ruwan farko na sauka, masu neman huɗa ƙofarsa suke cikawa, na farkon kuwa yana can yana roƙon masu wucewa su kama masa turi. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ƙarar injin maƙwabcin da safe kowa a kunne yake jin ta, shi a ƙirji take sauka masa. Ya ce asiri ne, ya ce iyayi ne, ya ce dama mutumin tun suna yara ba ya son ganin kowa a gabansa. Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba, wato ya taka ya tambaye shi inda ya sayi batirin.

Ana nan sai malamin gona ya zo garin, ya tara manoma a gindin tsamiya ya faɗa musu cewa ruwan batir da dalmar cikinsa guba ne, ƙasar da ta sha su ba ta ƙara yin albarka, rijiya kuma ta tashi daga aiki. Kowa ya tashi da darasi, mutuminka ya tashi da makami. Ranar kasuwa da hantsi, kowa ya tafi cin kasuwa, gari ya yi shiru, ga hadari na haɗuwa a gabas, ya loda matattun baturansa goma sha biyu a amalanke, ya kai ya jera su cikin magudanar da ke shigar da ruwa gonar shinkafar maƙwabcin. Ya dawo yana duban sama yana murmushi, har ya share gurbin da tsibin ya bari ya shuka masara, wai ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Hadarin nan iska ta tafi da shi, ko ɗigo bai sauka ba. Da la'asar maƙwabcin ya biyo ta gonarsa ya ga batura a jere, ya gane na tsibin nan ne. Shi da yake zuciyarsa a wanke take, bai kawo komai a ransa ba, sai ya ɗauka mutumin ya ji maganar malamin gona ne, ya kuma san shi ke zuwa shagon da ake karɓa. Dama nasa batirin ya fara nuna gajiya, yana ta tunanin yadda zai yi ga damina ta kankama. Washegari ya kwashe su duka ya kai birni, aka karɓa, ya yi ɗan ciko aka miƙo masa sabo fil. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya riƙe hannun mai hassadar a gaban jama'a ya ce, “Ka yi min abin da ɗan'uwa na jini bai yi min ba, Allah ya saka maka da alheri.” Shi kuwa ya ce ba komai, yana jin kamar ya haɗiyi garwashi.

Da ruwan ya tashi zuwa, da ƙarfinsa ya zo. Ya bi ta gurbin da tsibin ya shekara huɗu yana tsiyaya, ya wanko abin da ya wanko ya zuba a rijiyar. Masarar da ya shuka a wurin ta fito rawaya, ba ta kai gwiwa ba ta kwanta. Malamin gona ya zo ya duba, ya ce a rufe rijiyar, kada mutum ko dabba su ƙara sha. Ranar da aka ɗora mata itace aka bi da ƙasa, mai hassadar ya tsaya ya yi hawaye, don da ruwanta aka raine shi.

Har yau a kan tudun nan yake ajiye taraktarsa, gefen wani fili da ko ciyawa ba ta fitowa. Kowace safiya yana tsaye yana jiran mai kama masa turi sai ya ji injin maƙwabci ya ɗauka da murɗa ɗaya, ya kuma san da hannunsa ya kai masa abin da ke tayar da shi.

To, ka ji. Gobe ka taka ka tambayi naka maƙwabcin inda ya sayi nasa, tsofaffinka kuma ka kai inda ake karɓa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce hassada ga mai rabo taki ce.