Ɗalibin Da Bai Karanta Har Ƙarshe Ba

Akwai wani saurayi da ya shiga kwalejin horar da malamai, ɗan wani ƙauye da aka tayar sa'ad da aka gina madatsar ruwa a ƙasarsu. Yana cin jarrabawar kowane darasi in ban da Turanci, kuma an riga an gaya masa cewa in ya sake faɗuwa a bana, sai dai ya kama hanyar gida ba takardar shaida. Mahaifinsa kuwa ya gama shaida wa dattawan sabon matsuguninsu cewa ɗansa na nan tafe, zai koyar a firamarensu. Malamin Turancin dattijo ne mai haƙuri. Duk mako yakan ba ɗalibansa rubutu na auna fahimta, ya ce kowa ya karanta tun daga fari har ƙarshe, ya kife takardar, ya faɗa wa na kusa da shi abin da ya ji da bakinsa na Hausa, sannan ya duba tambayoyi. Saurayin nan ya ɗauki wannan ɓata lokaci. Yana da dabararsa tun ta sakandare: tambaya yake fara dubawa, ya riƙe kalma ɗaya a cikinta, ya bi layuka da yatsa kamar kaza na tsintar tsaba, inda ya ci karo da kalmar sai ya kwashe jimlar ya sauke. Kullum shi ke fara ajiye biro, har abokai na yi masa kirari da jirgin sama.

Ranar jarrabawa aka kawo rubutu a kan wata madatsar ruwa. Da ya hango kalmomin da ya sani a sakin layi na farko, inda ake zancen noman rani da kifi da wutar lantarki, sai ransa ya yi fari. Duk tambayar da ta nemi ra'ayin marubucin, ya amsa cewa yabon madatsar yake yi. Ya fito tun ana tsakiyar aiki. Da sakamako ya fito bai ga sunansa cikin waɗanda suka ci ba, sai ya tafi wurin malamin ya durƙusa, ya ce lalle an yi kuskure, domin babu kalmar da ta shige masa duhu a takardar. Malamin bai yi masa gardama ba. Ya ɗauko takardar tambayoyin ya miƙa masa, ya ce, "Zauna, ɗana. Karanta, amma wannan karon har ƙarshe." Saurayin ya zauna. Daga tsakiya ya ga ashe marubucin ya juya akalar zance: ruwa ya cinye gonaki da maƙabarta, an loda mutane da awakinsu a manyan motoci, an sauke su a kan fako inda gero ba ya yi. Bai buƙaci ƙamus ba. Shi ma yana yaro an ɗora shi a bayan irin wannan mota, rungume da tukunyar mahaifiyarsa. A duk ajin babu wanda ya kai shi sanin abin da rubutun ke faɗi, amma ranar jarrabawa bai karanta ya kai wurin ba.

Ya ajiye takardar a hankali, ya rasa abin da zai je ya faɗa wa tsohonsa. Dama Hausawa sun ce, hangen Dala ba shiga birni ba ne.