Talabijin Mai Baƙi Wuluk

"Minti biyu na ba ka," in ji Alhaji Oumarou, mai shagon kayan lantarki a unguwar Tremont. "Nuna mini télé da ta fi kyan hoto, in ɗauke ka aiki."

Da Ɗanasabe yake magana, wanda ya zo neman aiki. Watansa uku yana zaman kashe wando, ga shi ya cika baki cewa shi gwani ne. Ya bi layin talabijin yana yatsina. Wannan kalarta ta koɗe, waccan haskenta har kashe ido yake. A gaban ta ƙarshe ya ja birki.

"Alhaji, ga sarauniyarsu! A baƙi ake gane talabijin mai kyau irin OLED. Dubi baƙin nan wuluk, ko ɗigon haske babu!"

Wata mata da ke saurare ta ce ita take so, ta nufi wajen biya.

Alhaji ya sunkuya ya nuna masa filogi yashe a ƙasa. Ashe a kashe take! Ɗanasabe ya fara laluben ƙofa.

"Ina za ka?" Alhaji ya raɗa masa. "Gobe ƙarfe takwas ka fara. Shekara biyu ina neman mai sayen tsohuwar télé ɗin nan."