Reshen da Ya Tare Haske

Tun da wayar hannu ta mayar da kowa mai ɗaukar hoto, shagon Baba Mai Hoto ya zama wurin hutun ƙudaje. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu kuma aiki ya kai su nesa. Sukan kira, ba laifi, amma akasari don su ji ko ya sha maganin hawan jini. A ɗakin bayan shagon yake kwana, daga shi sai rediyo da kofin shayi ɗaya. Na biyun ya daɗe da zama ma'ajiyar ƙusoshi.

Abokan hirar da suka rage masa wasu kurciyoyi ne biyu da suka yi sheƙa a bishiyar lemon da ke jikin tagarsa. 'Yan haya yake kiransu. Kowace safiya sai ya watsa musu tsaba, ya ba su labarin ciwon gwiwarsa, su kuma su yi ta gyaɗa kai. Mai karatu, in ka kai shekarunmu za ka san darajar mai gyaɗa maka kai.

Ana nan sai suka ƙyanƙyashe 'ya'ya biyu, daidai lokacin da ƙungiyar masu zane da masu hoto ta garin ta shirya baje kolin ayyukanta a kan itatuwa, ruwa da tsuntsaye. Bara ma Baba ya shiga. Hotonsa na faɗuwar rana a lungun ban ɗaki aka rataye shi, inda duk wanda ya bi sauri yake yi.

"Bana sai tsakiyar zaure," ya ce wa Tela, maƙwabcinsa.

"Allah ya sa, Baba. In abin ya faskara, ka roƙa a matso da ban ɗakin tsakiya."

Ya kafa kyamara a taga yana haƙon sheƙar. Matsala ɗaya ce: wani reshe mai ganye cunkus ya lulluɓe ta, ko yaushe ya ɗauka sai hoton ya fito dishi-dishi. Ya gwada da safe, ya gwada da yamma, duk ɗaya. Ranar da za a rufe karɓar aiki, sai ya ɗauko ɗan zarton da yake yanka katakon firam da shi, ya jingina tsani.

Tela ya leƙo ta kan katanga. "Baba, aski ake wa 'yan hayar?"

"Haske kawai nake nema, ɗana. Reshe ɗaya ne, bishiyar ma ba za ta san an taɓa ta ba."

Reshen na faɗuwa, rana ta sauka a sheƙar tar. Uwar ta daɗe tana kewaye kafin ta yarda ta sauka. 'Ya'yan suka cusa bakinsu a nata, Baba ya danna. Tun da yake bai taɓa ɗaukar hoto irin wannan ba. Ya wanke shi, ya sa a firam, ya ruga ya miƙa. Washegari ya goge rigarsa ta fita, ya fice da sassafe zuwa wurin baje kolin. Ko tagar bai buɗe ba, balle tsaba.

A tsakiyar zauren kuwa aka rataye hoton, tsakanin zanen wani tafki da hoton gizagizai. Mutane suka yi cincirindo. Matasa na ta ɗaukarsa da irin wayoyin da suka kashe masa kasuwa, shi kuwa har gyara musu tsayuwa yake.

Can sai wata dattijuwa, tsohuwar malamar zane wadda tsuntsaye kawai take zanawa, ta matso ta gyara tabarau.

"Malam, hoto ya yi kyau. Amma ina rufin gidan?"

"Wane rufi, Yaya?"

Ta nuna kusurwar hoton, inda sabon yankan zarto ya fito fari fat. "Kurciya ba ta gini a sarari. Abin da ya tare maka haske, shi yake tare musu rana da idon hankaka."

Baba bai tsaya jawabin shugaban ƙungiya ba. Da gwiwar nan tasa ya kusa yin gudu.

Ya tarar da sheƙar a karkace, babu kowa a ciki. Ɗa ɗaya na ƙasa, tururuwa sun rufe shi. Na biyun ko gashinsa bai gani ba. Wani hankaka na kan katanga yana goge baki. Tela ya tsaya bakin ƙofa da tef ɗin awo a wuya, yau babu zolaya.

"Na kore shi ya fi a ƙirga, Baba. Da na juya sai ya dawo."

Baba ya ɗaga reshen daga ƙasa, ganyen har ya yi yaushi. Ya hau tsani ya ɗaure shi da waya a inda ya yanko shi. Ya san shirme yake yi, amma ya ɗaure ɗin.

Iyayen ba su sake sauka a bishiyar ba.

Da aka tashi baje kolin, aka dawo masa da hotonsa da takardar yabo. 'Yarsa ta kira da murna. "Baba, na ga hotonka a waya! Idan 'ya'yan sun fara tashi ka ɗauko min, jikokinka na son gani."

"To," ya ce. Ya ƙara da cewa ya sha maganin, tun kafin ta tambaya.

Har yau yana watsa tsaba kowace safiya. Kajin Tela ne ke cinyewa, su kuwa ba sa ɗaga kai, balle su gyaɗa.

Mai karatu, kwaɗayin yabo yakan sa mutum ya lalata abin da yake ƙauna da hannunsa. In ka ga abu mai rai ya ba ka sha'awa, ka ɗauke shi a yadda ka same shi, ko ka haƙura da hoton. Hoto ana sakewa, rai kuwa ba a sakewa.