Ƙurajen da Suka Kori Mama Dorcas

Tun rasuwar mijinta, Mama Dorcas ba ta da wata sana'a sai rainon yara a ɗakinta na haya a Romi. Iyaye mata su ajiye da safe, su ɗauka da yamma. Da wannan take ci, kuma jarinta kaf yardar mutane ce.

Cikin yaran akwai Derrick, ɗan wata tara, ɗan Lizzy mai shagon gyaran gashi. Kwanakin baya ba a kawo shi ba, yana gida zazzaɓi ya kama shi, jiki zafi rau. Ya ƙi nono, ga rigima, fatar idonsa ta ɗan kumbura. Uwar ba ta leƙa asibiti ba, sai maganin kemis. Da zazzaɓin ya sauka ta ce ya warke, ta dawo da shi.

A ranar ce da azahar Mama Dorcas ta ga ƙananan ƙuraje jaja-jaja sun feso masa a ƙirji da ciki har gadon baya. Yaron kuwa wasansa yake, ko susa ba ya yi. Ta kira Lizzy, ba ta ɗauka ba.

Da yamma Lizzy na ɗaga rigarsa ta daka tsalle.

"Lafiyarsa lau na kawo shi! Me kika ɗura wa ɗana?"

Mama Dorcas ta rantse kunu kawai ya sha. Ina! Lizzy ta zage ta tas a gaban maƙwabta, ta ce dama ta daɗe tana mamakin yadda yara ke barci a ɗakin nan kamar gawa. Kafin ta kai bakin titi ta tura saƙon murya ta waya a guruf ɗin zumuntar matan coci, wai matar nan maganin barci take ba 'ya'yan mutane.

Washegari ko yaro ɗaya ba a kawo ba. Matan da ta goya wa 'ya'ya shekara da shekaru, su ne ke cewa dama sun lura. Ranar Lahadi ta zauna a coci, aka ja jiki aka bar mata benci ita kaɗai. Abin ya ci mata rai, ta yi kuka har ta gaji. Da ta ga zama ba zai yiwu ba, ta kira ƙaninta ya zo ya mai da ita garinsu, Zonkwa.

Ana loda kaya a mota sai ga Lizzy ɗauke da Derrick, kai a sunkuye. Ashe ta je asibiti ne don ta samo hujjar kai ƙara. Likita ya danna ƙurajen ya ga sun dushe, ya tambayi labarin zazzaɓin, ya ce rosiyola ce, ciwon da ya saba kama jarirai. Haka take: zazzaɓi mai zafi tukuna, sai ya sauka ƙuraje su fito, su ɓace da kansu. Ba ƙyanda ba ce, ba kuma wanda ya ba shi komai.

Lizzy ta ce ta tura gyara a guruf. Mama Dorcas ta ji gyaran. Cikin masu yaɗa saƙon farkon, babu wadda ta ko tanka.

"Mama, ki yafe mini," in ji Lizzy.

Derrick ya gane Mama Dorcas, ya washe baki ya miƙo hannu, fatarsa sumul. Ita kuwa ta mai da hannayenta baya.

"Riƙe abinki, Maman Derrick. Kar a ce na sake ɗura masa wani abu."

Ta shiga mota, ba ta waiwayo ba.

Iyaye, zazzaɓi mai zafi a jikin jariri na asibiti ne tun ranar farko, balle in ya haɗa da jijjiga. In ƙuraje suka biyo bayan saukarsa, a tambayi likita kafin a nuna wa wani yatsa. Ƙurajen rosiyola suna gogewa, ƙazafi ba ya gogewa.