Gwanin Tukunyar Tururi

Tunda ka ce gobe za ka kama aiki a ɗakin tukunyar tururi, matso in ba ka guzuri.

An yi wani mutum a wata masana'antar gumin shinkafa, shi ke kunna babbar tukunyar da ke aiki da gas. A faɗarsa, wuta ta san muryarsa, ko gyaran murya ya yi sai ta tashi, kuma tun da aka haife shi bai taɓa kunna abu sau biyu ba. Har cewa yake waɗanda suka ƙera tukunyar sun sha aiko masa neman shawara, shi ne bai sami sukuni ba. To, ga ƙa'idar tukunyar nan: in ka kunna ba ta kama ba, gas ɗin da ya shiga yana nan kwance a cikinta. Sai ka rufe, ka saki fanka ta share cikin tas, ka naɗe hannu ka jira. Jiran nan ne gwanin namu ba ya so, don a ganinsa mai jira kama yake da wanda bai iya ba. Akwai ma na'urar da ke hana a sake kunnawa kafin fankar ta gama, amma tuni ya ɗaure mata baki da guntuwar waya, wai ta cika tsegumi.

Ranar da mai masana'anta ya kawo manyan dillalan shinkafa su ga aiki, gwani ya karkata hula ya danna. Shiru. Ya yi murmushi, ya ce kunyar baƙi take ji, ya sake dannawa. Shiru. Wani baƙo ya duba agogo, wani ya yi tari. Zufa ta keto wa gwani. Maimakon ya ce a dakata, sai ya kira wani ɗan dako, magidanci mai iyali, da ke wucewa da buhu a ka, ya ce ya leƙa ta 'yar tagar murfin ya ga ko ta kama. Bawan Allah ya sauke buhu, ya kara ido a tagar. Gwani, yana raɓe a gefe, ya sake dannawa. Ta kama kuwa. Murfin ƙarfen ya yi gaba da ɗan dakon, aka ji ƙarar har kasuwa. Gwani gashin gira kawai ya rasa, kuma kafin hayaƙi ya lafa ya bar garin.

Shekaru suka ja. Girar ba ta dawo ba, amma bakin ya dawo. Wata rana a motar haya wani ya tambaye shi abin da ya sami fuskarsa, sai ya gyara zama. Ya faɗi garin, ya faɗi masana'antar. Ya ce wani sakaran ɗan dako ne ya taɓa abin da bai sani ba, lokacin shi gwani yana masallaci. Da jin ƙara ya kutsa cikin wutar ya saɓo shi a kafaɗa, a cinyarsa ma ya cika, yana ta sa masa albarka. Fasinjoji suna ta kabbara, har direba ya rage rediyo. Sai wata tsohuwa a kujerar baya ta miƙo kai.

"Ɗan nan, wannan sakaran ni na haife shi. A cinyata ya cika, a asibiti. Idonsa ne ya ƙone, bakinsa bai ƙone ba. Ya gaya mini wanda ya ce masa ya leƙa."

Fasinjoji suka zuba wa gwani ido. Ga tafiya da sauran nisa, ga gwani a tsakiyar kujera, ba ƙofa ba taga. Dama Hausawa sun faɗa: in maye ya manta, uwar ɗa ba za ta manta ba.