Ruwan da Ke Jiƙa Jif ɗin Alhaji Yari

"Ajiye makullin ka tafi," in ji Alhaji Yari, a gaban maƙwabtansa na Ƙofar Jatau.

Malam Inuwa, direbansa na shekara goma sha ɗaya, ya ajiye ya tafi. Laifinsa, a cewar Alhaji, kwarara ruwa cikin sabuwar jif wajen wanki. Kullum kafet a jiƙe, fitilu na ɗaukewa, hon na tashi shi kaɗai har a ƙofar masallaci.

Bayan kwana uku mai gyaran waya ya zo gida ya kwance gaban motar. Ya shafo wayoyin, ya nuna yatsansa baƙi ƙirin.

"Alhaji, wannan ba ruwan wanki ba ne. Tawada ce."

Mahaifiyar Alhaji, Hajiya Rahmatu, ta leƙo daga zaure.

"Rubutu ne nake zubawa kowace safiya, saboda bakin mutane. Inuwa ke buɗe min motar. Ya sha roƙona in daina, na ce kada ya kuskura ya faɗa maka. Wai ina yake ne? Kwana uku ban gan shi ba."

Alhaji ya kasa ɗaga ido ya dube ta.