Robar da ke Kugun Dogo

Shekarar ta kuɓuce mini, sunan dajin ma haka, don tsufa ya shiga kaina yana ɓarna kamar ɓera a rumbu. Abin da ya bar mini shi ne wannan, ina jin kuma ya isa.

Dogo mai gadin gandun daji ne, irin waɗanda sukan wuni suna tafiya ba su ga hanyar mota ba. A kugunsa kullum akwai wata baƙar roba, yankin tsohon tub ɗin keke, ya naɗe ta kamar ɗamara. Da ita ya ceci ran ƙaninsa, kuma duk wanda ya taɓa zama da shi ya sha labarin.

Ƙanin nan tela ne yanzu, da ƙafa ɗaya yake taka keken ɗinki. Ɗansa tilo ya samu aikin gandun, za a sa shi ƙarƙashin Dogo. Shi kuwa Dogo Allah bai ba shi haihuwa ba, saboda murna har takalman shiga daji ya saya wa yaron ya ajiye. Sai tela ya gindaya sharaɗi.

"Yaya, na ji ana koyar da taimakon gaggawa a ofishinku. Ka je ka zauna, sannan in ba ka yaron."

"Ni za a koya wa? Kai da bakinka?"

"Ni dai ka je."

Ya je yana ƙunƙuni. A wata rumfar kwano bayan ofis aka jera musu benci, mai koyarwar kuma wata nas ce da ba ta kai kafaɗarsa ba. Ta nuna musu yadda ake danne rauni har jini ya tsaya, da yadda ake tallafe karaya da sanduna, da yadda ake zura sanduna biyu cikin riguna a yi gadon ɗaukar majinyaci. A duk wannan Dogo ya fi kowa hannu, har ta yaba masa.

Sai aka zo kan saran maciji.

"Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau," in ji nas. "A kwantar masa da hankali, a cire takalmi, a tallafe ƙafar kada ta motsa, a ɗauke shi sai asibiti."

Dogo ya tuntsire da dariya. "'Yata, a daji kika san maciji ko a hoto?"

Ya miƙe ya ba su labarin. Da hantsi ne maciji ya sari ƙaninsa a idon sawu, can tsakiyar daji. Ya naɗa roba ƙasan gwiwa, ya sa tsinken ice ya murɗa har ta nutse cikin nama. Ya goya shi, bai sauke ba sai da rana ta faɗi. Ƙanin yana ta kuka a bayansa yana roƙon a sassauta, shi kuma yana buge masa hannu.

"Da na ji tausayinsa, da yanzu sai labari. Dafi ya ci ƙafa, amma bai kai zuciya ba."

"Ba ka sassauta ko kaɗan ba, Baba?" in ji nas.

"Haba!"

"Macijin fa?"

"Na kashe shi, na kai wa likita a buhu, ya ga abokin faɗansa."

Ta daɗe tana kallon robar da ke kugunsa. Can ta ce, "Don Allah kada ka ƙara, Baba." 'Yan aji suka yi dariya, Dogo ya zauna yana jin ya kayar da ita.

Daga nan shagon tela ya nufa. Tela bai dubi fuskarsa ba, kugunsa ya duba.

"Me suka ce kan saran maciji?"

"Shirme. Na rufe mata baki."

"Robar fa, Yaya?"

"Tana nan daram. Ko gobe aka sari ɗanka, ita za ta cece shi kamar yadda ta ceci ubansa."

Keken ɗinki ya tsaya cak. Tela ya ce, "To, ba zai bi ka ba."

Dogo ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. "Ni? Ni da bayana ya saɓule saboda goyonka? Kaza, ci ki goge baki! Ka manta ke nan."

Tela ya shafa dungulmin ƙafarsa. "Ban manta ba, Yaya. Kullum na tashi sai na tuna."

Ɗan telan ya nemi wani aikin a wani gari. Dogo bai sake taka ƙofar shagon ba, ko a hanya suka haɗu sai ya kau da kai. Takalman nan suka yi ta shan ƙura ƙarƙashin gado har Dogo ya rasu, yana faɗa wa kowa cewa ba a yi wa ɗan'uwa alheri. Tela ya raka gawarsa yana dogara sanda, bai kare kansa a gaban kowa ba.

Daga baya, cikin yawace-yawacena, na haɗu da tsohon ma'aikacin asibitin da ya kwance buhun nan da hannunsa. Na sa ya maimaita mini abin da ya faɗa, don ban yarda da kaina ba. Ya ce tun ranar da tela ya farfaɗo aka gaya masa gaskiya, shi kuma ya riƙe hannun likita yana roƙo kada yayansa ya ji: macijin nan mai cin ɓeraye ne, ba shi da dafi, robar ce ta kashe ƙafar.